Tsagar gado a jikin shinkafa: Yadda maimaitattun haruffan DNA ke fayyace asalin iri

Duk wanda ya taɓa sayen irin shinkafa a kasuwar Kafur, ko ta Malumfashi, ko ta Dandume, ya san cewa suna yake saya. Mai kaya zai ce masa wannan Sipi ce, waccan Jamila, ya ɗebo a tafin hannu ya nuna masa tsawon ƙwaya da hasken ɓawo. Iyakar abin da ido ke iya gani ke nan. Sai an kai gona, an shafe watanni ana zuba taki da kuɗin ƙwadago, sannan gaskiya ta bayyana: wani sashe ya fitar da kai, wani ko ciki bai yi ba, wani tsiro ya kai ƙugu, wani ya tsaya a gwiwa. Idan manomi ya jira na baya, na gaba ya zube ko tsuntsaye su yi biki a kansa. Idan ya yanke gaba ɗaya, wanda bai ƙosa ba ya kakkarye a injin casa, ɗan kasuwa ya karya farashi, mai ci a birni ya ce shinkafar gida ba ta da kyau.

Kimiyya tana da hanyar tambayar ƙwayar shinkafa asalinta ba tare da an jira kaka ba. Hanyar ta dogara ne da wasu gurabu a cikin DNA ɗin shinkafar inda 'yan haruffa kaɗan suke maimaita kansu a jere. Masana suna kiransu maikurosatalayit, ko su taƙaita da haruffa uku, SSR. A wannan bayani za mu kira su maimaitau. Irin waɗannan gurabu ne ake dubawa a jikin ɗan Adam yayin gwajin DNA da ake yi don tabbatar da mahaifin yaro, wanda masu karatu suka saba jin labarinsa. Abin da ake yi wa shinkafa ɗan'uwan wancan gwajin ne.

Inda maimaitau suke a jikin shinkafa

Kowane tantanin halitta na shinkafa, a ganye ne ko a saiwa, yana ɗauke da cikakken kundin gadonta. An rubuta kundin da sinadarai huɗu kacal, waɗanda ake yi wa laƙabi da haruffan A, T, G da C. Ba a dunƙule yake wuri guda ba. An kasa shi dami 12, waɗanda ake kira kuromosom, kuma kowane dami yana da kwafi biyu, ɗaya daga ɓangaren uwa, ɗaya daga na uba. A shekarar 2005 wata gamayyar masana daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin Japan, ta wallafa cikakken karatun kundin wani irin shinkafa mai suna Nipponbare. Sun ƙiyasta tsawonsa da haruffa kimanin miliyan 389. Adadin yana da yawa a kunne, amma a cikin hatsi shinkafa ce ƙaramar: kundin masara ya haura haruffa biliyan 2.

Ba duk waɗannan haruffa ne ke ba da umarnin gina wani abu ba. Sassan da ke yin haka, wato ƙwayoyin gado da ke tsara tsawon kara ko ƙamshi ko lokacin nuna, an ƙirga fiye da 37,000 a wancan aiki. Wani babban kaso na sauran kundin maimaici ne. Akwai dogayen jeri masu kwafar kansu suna sauya mazauni, waɗanda Barbara McClintock ta fara ganowa a jikin masara, aikin da ya ba ta lambar yabo ta Nobel a 1983. Su kaɗai sun cinye kusan kashi 35 cikin 100 na kundin shinkafa. Akwai kuma gajeru, waɗanda su ne abin maganarmu: harafi ɗaya zuwa shida da ke ta nanatuwa, kamar GA GA GA GA sau goma sha wani abu, ko AAT AAT AAT. Aikin na 2005 ya lissafa manya daga cikin irin waɗannan gurabu har 18,828, a warwatse a damin nan 12.

Amfaninsu yana cikin rauninsu. Duk lokacin da tantani zai rabu biyu, sai an kwafe kundin baki ɗaya. Mai kwafar yana da ƙwarewa ta ban mamaki, amma idan ya iso inda abu ɗaya ke ta maimaituwa, yakan yi tuntuɓe, kamar mai awo da ke ƙirga tiya a buhu aka yi masa magana ya rasa ko ta 27 ya zuba ko ta 28. Sai ya ƙara maimaici ɗaya, ko ya rage. Da yake galibin waɗannan gurabu ba sa taɓa lafiyar tsiro, kuskuren ba ya kashe shi, sai ya wuce ga 'ya'ya da jikoki. A tsawon dubban shekaru, zuriyoyin shinkafa daban-daban suka tara adadi daban-daban a gurbi guda. A misali, wani iri yana da GA sau 14 a wani gurbi, wani kuma sau 19 a wannan gurbin. Bambancin haruffa 10 ke nan, kuma na'ura tana iya auna shi.

Kwatancin da ya fi kusa a wurin Bahaushe shi ne tsagar gado. Tsagar da ke fuskar Bagobiri ba ita ke ba shi ƙarfi ko hali ba, amma mai ido yana ganinta ya san gidan da ya fito. Haka maimaitau suke: ba su ne ke sa shinkafa ta yi yabanya ko ta jure ruwa ba, shaida ce kawai ta zuriya. Bambancin shi ne wanzami ba ya cikin lamarin, kuma ba gurbi ɗaya ake dubawa ba. A ɗauka kowane gurbi yana da tsawo iri 5 da ake samu a tsakanin shinkafu, aka duba gurabu 10. Lissafi zai ba da haɗi 9,765,625 mabambanta. A zahiri adadin bai kai haka ba, domin wasu tsawon sun fi wasu yawa kuma irin zamani da yawa dangin juna ne, amma dai gurabu 10 zuwa 20 da aka zaɓa da kyau sukan isa a raba yawancin irin da ake nomawa.

Daga Lesta zuwa gonar shinkafa

A watan Satumbar 1984 ne Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a Ingila ya lura cewa wasu maimaitattun jeri a DNA ɗin mutane sun bambanta har ana iya raba mutum da mutum da su. Kusan lokaci guda Kary Mullis a Amurka ya ƙirƙiro dabarar PCR, wadda ke ɗaukar ɗan guntun DNA ta hayayyafa shi. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta buɗe ƙofa. A ɓangaren shinkafa, Jami'ar Konel ta Amurka ta yi fice: a can aka fitar da taswirar alamun DNA ta farko ta shinkafa a 1988, a can kuma aka bayyana wasu maimaitau na shinkafa a 1993. A 2002 Susan McCouch da abokan aikinta suka wallafa sababbin alamu 2,240 a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta. Kowace alama tana da lamba da ke farawa da RM, kuma har gobe da waɗannan lambobin ɗalibin digiri na biyu a Zariya ko Ibadan yake aiki.

Yadda ake gwajin

Ana yanko ɗan ganye daga tsiro mai mako biyu ko uku, ko a ɗauki ƙwayar kanta, a niƙa, a zuba sinadaran da ke fasa tantani su ware DNA. Daga nan sai a zaɓi gurbin da ake son aunawa. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne haruffan da ke gefe da gefen maimaicin ba su cika sauyawa tsakanin iri da iri ba. Don haka ake haɗa 'yan gajerun jeri biyu masu haruffa kimanin 20, waɗanda za mu iya kira 'yan jagora, ɗaya ya manne a farkon gurbin, ɗaya a ƙarshensa. Na'urar PCR tana ɗumama haɗin tana sanyaya shi, kuma a kowane zagaye abin da ke tsakanin 'yan jagoran yana ninkuwa biyu. Zagaye 30 a lissafi ya haura kwafi biliyan 1, duk cikin 'yan sa'o'i.

Sai awon tsawo. Ana zuba kwafin a bakin wani faifai na sinadari mai kama da daskararren koko, a saki wutar lantarki ta ratsa shi. DNA yana tafiya zuwa ɗaya ƙarshen, gajerun guntaye suna gaba, dogaye suna baya. Idan aka shafa rini aka haska, kowane samfuri zai nuna ɗan layi a inda guntunsa ya tsaya. Mai GA 14 ya yi nisa, mai 19 yana bayansa. Manyan ɗakunan gwaji suna amfani da na'urar da ke ba da tsawon a lambobi kai tsaye.

Akwai wata fa'ida da ta sa masu kyautata iri suka rungumi maimaitau fiye da wasu alamun da suka gabace su. Tsiron da ya gaji tsawo ɗaya daga uwa da uba yana nuna layi ɗaya. Wanda ya gaji tsawo biyu mabambanta yana nuna layi biyu. Da kallo guda ake sanin ko barbarar da aka yi da hannu ta kama, ko kuwa furen ya riga ya barbari kansa.

Abin da alamun suka faɗa game da dangin shinkafa

Shinkafar da ɗan Adam ke nomawa jinsi biyu ce. Akwai ta Asiya, Oryza sativa, wadda ita ce kusan duk abin da ke kasuwa a yau. Akwai ta Afirka, Oryza glaberrima, wadda manoman yankin kogin Neja a ƙasar Mali ta yanzu suka hore daga shinkafar daji kimanin shekara 3,000 da suka wuce, kuma har yanzu ana samunta a fadamun Sakkwato da Kebbi. A 2005 wani bincike da ya auna shinkafun Asiya 234 da alamu 169 ya nuna cewa rabon da aka saba yi gida biyu, indika da jafonika, bai wadatar ba. Zuriya biyar ce ta fito fili, kuma Basmati mai ƙamshi ta fi kusa da jafonika duk da doguwar ƙwayarta. A shekarar dai aka yi irin wannan awo ga shinkafar Afirka, aka tarar da yawa daga cikin samfuran suna ɗauke da ɓurɓushin gadon ta Asiya, alamar cewa jinsunan biyu sun daɗe suna cuɗanya a gonakin manomanmu.

Haka nan alamun suka yi wa NERICA hisabi. Wannan ita ce shinkafar da Monty Jones, ɗan ƙasar Saliyo, da abokan aikinsa suka samar a shekarun 1990 a cibiyar WARDA, wadda ta koma AfricaRice a 2009, ta hanyar barbarar jinsin Asiya da na Afirka. Aikin ya ba shi lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004, kuma Najeriya ta yi wa NERICA 1 rajista da sunan FARO 55. Bisa yadda aka yi barbarar, lissafi ya nuna ya kamata kashi 12.5 cikin 100 na gadon NERICA ta tudu ya zama na Afirka. Da aka auna da maimaitau, sai aka ga a yawancinsu bai kai haka ba. Wannan bai rage wa irin amfani a gona ba, amma ya gyara yadda ake ba da labarinsa.

FARO 66 da FARO 67: aikin da ya iso gida

Fitaccen misalin amfanin waɗannan alamu shi ne na shinkafa mai jure ambaliya, kuma ya shafi duk mai gona a fadama. Shinkafa tana son ruwa a ƙafarta, amma idan ya rufe ta ruf, yawancin iri sukan mutu cikin kimanin mako guda. Dalili shi ne tsiron yakan yi ta miƙewa yana neman kai hancinsa sama, har ya ƙarar da abincin da ya tara. Ko ruwan ya janye, ba shi da sauran ƙarfin tashi.

A jihar Odisha ta gabashin Indiya akwai wata tsohuwar shinkafar manoma da aka tace aka sa wa lamba FR13A. Ba ta da yawan amfani, ƙwayarta ma ba abin so ba ce, amma tana iya kwana kusan 14 a ƙarƙashin ruwa ta tashi. Dabararta ita ce lafewa: tana dakatar da girma, ta adana abincinta har ruwa ya wuce. Shekaru da dama masu kyautata iri sun yi ƙoƙarin ɗauko wannan hali su sa a cikin iri masu albarka, amma kullum sai ya taho da tarkacen munanan halayen FR13A. A 1996 Kenong Xu da David Mackill suka gano cewa mafi yawan wannan juriya tana zaune a wuri guda a dami na 9, suka sa masa suna Sub1. A 2006, tare da Pamela Ronald da wasu, aka fayyace ainihin ƙwayar gadon.

Ga inda maimaitau suka shigo. Idan aka barbari iri mai kyau da mai juriya, 'ya'yan farko rabi da rabi ne. Idan aka sake barbarar su da iri mai kyau, gadonsa ya koma kashi 75 cikin 100 a matsakaici. A karo na biyu 87.5; a na uku 93.75. Ta tsohuwar hanya sai an yi haka kamar sau shida kafin a kusa dawo da irin asali, kuma a kowane zagaye sai an nutsar da tsirrai a ruwa don a ga mai juriya. Amma kalmar "matsakaici" tana ɓoye wani abu: a cikin tsirrai ɗaruruwa na zagaye guda, wasu sun gaji fiye da kason, wasu ƙasa. Da alamu, mai bincike yakan yi tankaɗe uku tun tsiro yana ƙarami. Da farko ya ware masu ɗauke da alamar da ke manne da Sub1. A cikinsu ya nemi waɗanda guntun da suka gado daga mai juriya ya fi gajarta, ta hanyar duba alamun da ke dama da hagunsa. A ƙarshe ya duba alamu da dama a sauran damin, ya zaɓi tsiron da ya fi kama da irin da manoma suka sani. Da haka zagaye biyu ko uku suka wadatar.

Ta wannan hanya Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, IRRI, da ke Filifin ta mayar da shahararriyar shinkafar Indiya, Swarna, ta zama Swarna-Sub1, aka sake ta ga manoma a 2009. AfricaRice tare da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja suka bi sahu da irin da manoman Najeriya suka riga suka sani. Daga FARO 52 aka samu FARO 66, daga FARO 60 aka samu FARO 67, aka yi musu rajista a 2017, shekara biyar bayan ambaliyar 2012 da ta shafe gonaki a faɗin ƙasar. Irin ambaliyar da aka tsara su dominta ita ce mai zuwa farat ɗaya ta janye cikin kwanaki, kamar yadda rafi kan cika ya malale fadama bayan mamakon watan Agusta. Inda ruwa ke zama da zurfi wata da watanni, lafewa ba ta da amfani; can sai shinkafa mai tsawo da ke bin ruwa tana miƙewa.

Ya kamata a bambance wani abu a nan, musamman a yankin Funtuwa inda muhawara kan masarar TELA ta isa har majalisun ƙauye. Masarar TELA da waken SAMPEA 20-T, waɗanda suka fito daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, an sa musu ƙwayar gado ce da aka ɗauko daga wata halitta daban. FARO 66 da FARO 67 ba haka aka yi su ba. Shinkafa aka barbara da shinkafa, fure da fure. Alamun DNA fitila ce kawai da aka haska don zaɓen 'ya'ya. Mutum na iya riƙe ra'ayin da ya ga dama game da waccan fasaha, amma haɗa su a kwando ɗaya kuskure ne.

Tsabtar iri da amanar kasuwa

Manoman kudancin Katsina sun daɗe da sanin irin zamani, tun Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da kuɗin Bankin Duniya. Wanda ke noma masarar haibirid ya san sai ya sayi sabon iri duk shekara. Shinkafa kuwa furenta kansa yake barbara, da wuya ya karɓi na maƙwabci, shi ya sa manomi ke iya ajiye irinsa shekara da shekaru. Gaurayar da ake gani yawanci ba ta fure ba ce, ta hannu ce: gyauron bara da ya tsiro a cikin shukar bana, shimfiɗa ɗaya da aka yi wa iri biyu sussuka a kai, buhun da ba a kakkaɓe ba, sai kuma wanda ya sayi tsabar ci a kasuwa ya zuba a buhu mai tambari ya kira ta iri.

Suna kuma yana yawo. FARO 44, wadda asalinta daga Taiwan take da lambar SIPI 692033, ita ce ta bar wa kasuwa sunan Sipi. Amma bayan shekara 30 tana wucewa daga hannu zuwa hannu, ba kowane buhu da ake kira Sipi ne zai dace da irin da ke ajiye a Badeggi ba. Iri ɗaya kan samu suna uku a ƙananan hukumomi uku, iri uku kuma su taru a ƙarƙashin suna ɗaya. Wannan ba matsalar shinkafa kaɗai ba ce. Lokacin da cibiyar IITA ta Ibadan ta gwada DNA ɗin rogon da ke gonakin manoman Najeriya, ta tarar da yawa suna noma irin zamani suna ɗauka na gargajiya ne, wasu kuma akasin haka. Ma'aikacin gwamnati da ke rubuta rahoton yawan manoman da suka karɓi sabon iri bisa abin da aka faɗa masa da baki, ya kamata wannan ya tsaya masa a rai.

Hanyar da aka saba tabbatar da tsabtar iri ita ce a shuka samfuri a jira ya girma a ƙirga baƙin tsirrai, wato damina guda. Da maimaitau, ana iya ɗaukar ƙwaya 100 daga buhu a gwada kowace daban. Idan 12 suka saɓa wa tsagar irin da aka rubuta, an san kusan kashi 12 cikin 100 baƙi ne, kuma cikin kwanaki kaɗan. Birtaniya ta nuna yadda hakan ke aiki a ciniki. Da aka gano ana cakuɗa Basmati mai tsada da shinkafa mai araha da ta yi kama da ita, sai masu harkar suka fitar da ƙa'ida a 2005: buhun da aka rubuta wa Basmati kada baƙuwar ƙwaya ta wuce kashi 7 cikin 100 a cikinsa, kuma da maimaitau ake tantancewa. A Najeriya, Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, ita doka ta ɗora wa tabbatar da ingancin iri, kuma dokar 2019 ta ƙara mata ƙarfi. Ta fito da tambarin da ake kankarewa a tura lambarsa ta waya don a san ko buhun ya bi ta hannunta. Tambarin yana shaidar buhu. Gwajin DNA yana shaidar abin da ke cikinsa. Dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri ta 2021 ma za ta buƙaci irin wannan shaida duk ranar da kamfani biyu suka yi jayayya a kan iri guda.

Abin da gwajin ba ya iya faɗa

Alama ba ta da ma'ana sai da abin kwatance. Idan babu tabbataccen samfurin FARO 44 da aka auna aka ajiye sakamakonsa, gwaji zai iya cewa buhu biyu sun bambanta, amma ba zai ce wanne ne na gaskiya ba. Irin gargajiya da ba a taɓa yi wa rajista ba sun fi wuya, domin su kansu ba tsaga ɗaya gare su ba. Taron dangi ne da manoma suka raina tare, kuma wannan bambanci na cikinsu dukiya ce, ba aibi ba.

Gwajin ba ya sanin inda aka noma shinkafa. Iri ɗaya da aka shuka a Kafur da wanda aka shuka a wata ƙasa tsagarsu ɗaya. Saboda haka a rikicin sauya wa shinkafar waje buhu, wanda ya yi ƙamari bayan rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, abin da DNA zai iya nunawa shi ne cewa irin da ke buhun ba ya cikin waɗanda ake nomawa a nan. Wannan alama ce mai ƙarfi, amma ba hukunci ba ce. Ba ya kuma faɗin ko irin zai tsiro, ko ya sha danshi a rumbu, ko yana ɗauke da cuta. Waɗannan suna da nasu awon. Turara shinkafa yana kakkarya DNA, ko da yake gajartar guntayen da ake nema takan sa a samu abin aunawa. Sannan iri biyu da suka yi kusanci ƙwarai, kamar Swarna da Swarna-Sub1, za su iya fitowa iri ɗaya a gurabu 20 idan ba a sa alamar da ke kan Sub1 ɗin kanta ba. Ga manomin fadama kuwa wannan gurbi ɗaya shi ne dukan abin da ya biya kuɗi dominsa.

Sai batun tsada. Sinadaran da 'yan jagoran daga waje ake sayo su da dala, na'urorin suna son wutar da ba ta yankewa, kuma awon faifai yana cin lokacin ƙwararre. Ba gwajin da manomi ɗaya zai kai buhunsa ba ne. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne a sama: wurin kamfanin da ke ninka iri, hukumar da ke raba tan ɗaruruwa a shirin tallafi, ƙungiyar manoma da ke sayen iri a dunƙule, ko masana'antar casa da ta ba manoma iri bashi tana jiran ƙwaya mai tsawo ɗaya.

A manyan cibiyoyin duniya, maimaitau sun fara ba da wuri ga wata alama da ake kira SNP, wadda ke duba sauyin harafi ɗaya tak. Kowace ɗaya ba ta da bayani kamar maimaitau, domin galibi fuska biyu kawai gare ta, amma akwai miliyoyinsu kuma na'ura tana karanta dubbai a lokaci guda, sakamakon ɗakin gwaji ɗaya kuma yana dacewa da na wani ba tare da gardamar tsawon layi ba. Aikin karanta kundin shinkafu 3,000 daga ƙasashe 89, wanda aka saki bayanansa a 2014, ya ƙara hanzarta wannan sauyi. A jami'o'i da cibiyoyin Najeriya dai maimaitau suna nan da ransu, saboda na'urar PCR ɗaya, faifan awo da 'yan jagora dozin biyu sun isa a fara aiki, kuma jerin alamun RM yana buɗe a intanet ga duk mai buƙata.